Wa Ke Zama a Gefenka?

Duk wanda ya kawo tsohuwar mota garejin Mai Zare, kafin a taɓa sifana sai ya amsa tambaya ɗaya. Tsohon zai zagaya motar, hannu a baya, ya duƙa ya shafa bakin kowace taya da tafin hannu, ya miƙe yana cije leɓe saboda gwiwa, sannan ya dubi mai ita ya ce, "Wa ke zama a gefenka?"

Wasu su yi dariya, wasu su haɗe rai. Akwai wanda ya taɓa ce masa, "Malam, saitin ƙafa na kawo, ba binciken gidana ba." Mai Zare ko ɗagowa bai yi ba, ya ce in amsar ta yi masa nauyi ga titi nan, akwai masu na'ura a gaba. Ba gulma ce ta dame shi ba. Motocin da ake kawo masa tsofaffi ne, irin masu dogon hancin nan da fitilu zagayayyu, waɗanda da yawansu sun girmi masu tuƙa su. Sifirin ɗinsu ya yi laushi da shekaru. Mutum ɗaya ya shiga, gefe ya sauka, gefe kuwa in ya sauka taya ta canza tsayuwa. "Mota ba ta tafiya ba kowa a ciki," haka yake cewa, "to don me zan saita ta ba kowa a ciki?" Dole mai mota ya shiga ya zauna a mazauninsa, in yana da abokin tafiya na kullum shi ma a kirawo shi ya zauna, sannan a ja zare.

Garejin ba wani abin kallo ba ne, rumfar kwano ce da ƙofar ƙarfe mai kuka in an ja ta. Daɓen ne abin alfaharinsa. Da hannunsa ya zuba simintin, ya lallaɓa shi har ya kwanta daidai, ko ƙwallon boris ka ajiye ba zai gangara ba. Kayan aikin kuma ba su cika akwati ɗaya ba: ƙarafa huɗu masu gindi, zare biyu da ake miƙawa dama da hagu na mota, rula ta ƙarfe wadda lambobinta suka fara gogewa, da wani ɗan dunƙulen dalma a bakin zare, wanda ake ratayawa a gefen taya a ga ko ta jingina ciki ko ta kwanta waje. Da waɗannan yake gane motar da ta yi gwame da wadda ta yi ƙafar baka. Daga nan sunan ya samo asali, har sunan yankansa ya ɓace a unguwar.

Shi ma yana da tasa tsohuwar, wata koriya mai ƙofa huɗu, wadda ya saya hannu na biyu tun yana gwauro. Wadda ke zama a gefensa kuwa ita ce Giwa, matarsa. Shi ya laƙaba mata sunan don tsokana, lokacin tana amarya, siririya kamar rular nan tasa. Allah kuwa ya amsa. Shekara na tafiya tana cika, har ta kai in ta zauna a motar sai ka ji sifirin ya yi ajiyar zuciya. "Bakinka ne," take ce masa, "da ka ce mini Barewa da yanzu ina tsalle."

Ranar saita motarsu ranar dariya ce. Mutum ba zai zauna a kujerar direba kuma ya kwanta a ƙasa yana awo ba, saboda haka ya ɗinka buhun yashi daidai nauyinsa, yana ɗora shi a mazauninsa. Giwa ta shiga nata gefen da kwarashi da zaren saƙa, ta sauke gilashi, ta juya ga buhun ta hau ba shi labari: tsadar kasuwa, rashin kunyar 'yar maƙwabta, mafarkin da ta yi jiya. "Ɗan'uwanka" take kiran buhun.

"Wallahi ɗan'uwanka ya fi ka hankali," za ta leƙo ta ce. "Tun ɗazu bai katse ni ba."

"Kar ki motsa!" zai ɗaga murya daga ƙasa.

"Numfashi fa? In yi ko in bari sai ka gama?"

Duk sanda ta ƙara jiki har dalma ta nuna, sai ya kwance hannun ƙarfen da ke riƙe da tayar gefenta, ya cusa 'yar washa siririya a bayansa, taya ta dawo tsayuwarta. Giwa ta ce kowace mace a asibiti ake auna ta, ita kaɗai ce ma'auninta ke ƙarƙashin mota.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ja lokaci ba. Kwanciyar 'yan kwanaki ce, ko ramewa ba ta samu ta yi ba. Jama'a suka cika gida, suka watse. Babban ɗansu ya koma garin da yake aiki, can nesa, inda sai dai waya. Auta, wadda ke aikin jinya a wancan ƙarshen gari, ta kwashe kayan sawar uwar ta rabar, ta sauya katifa don ta lotsa gefe ɗaya, ta wanke labule, ta yi duk abin da 'ya mai hankali ke yi don kada uba ya riƙa tuntuɓe da abin da zai tayar masa da hankali. Ta koma gidan mijinta da 'ya'yanta. Gida ya yi tsit, tsit ɗin da har ƙarar firji sai ta zama magana.

Ranar da ya fara fitar da motar bayan rasuwar, bai kai kwanar farko ba ya ji sitiyari yana ja dama. Wanda ya ƙarar da rayuwarsa a ƙarƙashin motoci ba ya bukatar a gaya masa dalili. An saita ta da nauyin mutum biyu, yanzu gefe ɗaya ya tashi, taya ta kwanta waje, mota tana neman inda nauyin ya tafi. Aikin rabin yini ne. Ya ce gobe zai gyara.

Goben ba ta zo ba. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, Giwa tana da wata ɗabi'a a mota. In ta ga abin da take so ya gani, sabon shago, ko wata mata da ta yi ɗaurin ɗankwali na ban dariya, ba ta magana, sai ta kama hannun rigarsa na dama ta ja. Shekara da shekaru yana faɗa, "Za ki jefa mu a rami wata rana!" ba ta daina ba. To jan nan na sitiyari daidai wannan jan ne, ba ƙarfi, ba saki, daga gefen da ta saba. Sai ya zama in ya rufe gareji da yamma ba ya miƙewa gida. Gida me zai tarar? Kofi biyu a kan tire, ɗaya ya yi ƙura. Sai ya bi dogon titin bayan masana'antu, ya je ya dawo ba wurin zuwa, hannunsa na hagu yana tare sitiyari, ana jan sa dama a hankali. Kaɗaici ne ke cin sa, ya kuma sani, amma a cikin motar nan kaɗai yake jin ba a bar shi shi ɗaya ba.

Mai faci, wanda rumfarsa ke jingine da garejin, shi ya fara lura. Ya zo aron jak wata safiya, ya tsaya a gaban koriyar motar, ya shafa tayar dama.

"Baba, wannan ai ta cinye bakinta na waje tas. Dubi, har ta yi sanƙo."

"Na gani."

"Ka gani? Lallai wanzami ba ya son jarfa. Motar kowa ta miƙe a garin nan, taka na tafiyar kaguwa."

"Ɗauki jak ɗin ka ba ni wuri," in ji Mai Zare. Mai faci ya ɗauka yana dariya, amma ya waiwayo sau biyu kafin ya fita.

Abin ya faru ne wata la'asar, a titin kasuwa, ba a dogon titin da ba kowa ba. Ya sayo burodi, ya ajiye a kujerar baya, don tun rasuwar bai taɓa ɗora ko leda a kujerar gefensa ba. Motar na ja, yana tarewa. Sai wani tunani na wauta ya faɗo masa, irin wanda ba ya zuwa wa mai abokin hira. Ya ce a ransa, shekara nawa kina ja ina ƙi, bari yau in ga abin da kike so in gani. Ya sassauta yatsunsa, tsoho da furfurarsa, ya bar sitiyari.

Abin da ta nuna masa kwata ce. Tayar dama ta hau bakin siminti ta zurma, hancin motar ya ture teburin wata mai sayar da lemo, lemo ya watsu a titi, matar ta yi tsalle gefe tana salati. Da ta yi jinkirin taku ɗaya da ƙafarta ce a wurin teburin. Jama'a suka taru, masu "sannu Baba" da masu "a hana tsofaffin nan tuƙi mana". Ya fito, ya bi lemo yana tsinta yana ba matar haƙuri, har ita ta koma tana ba shi haƙuri. Matasa suka ciccibo motar daga kwata. Kafin ya isa gareji labari ya riga shi, mai faci kuwa ya riga ya kira Auta.

Ta iso da rigar aikinta, ko gida ba ta biya ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta zaunar da shi a benci, ta ce ya miƙo hannuwansa, ta duba ko suna karkarwa. Ta ɗaga yatsu ta ce nawa ne. Ya ji kunya ta rufe shi, shi da ya koya mata ƙirga da notuna.

"Baba, ka ba ni makullin," ta ce. "Ɗakin nan na wurinmu yana nan, na gaya maka tuntuni."

Ya san ɗakin. Hawa na uku ne, tagarsa na kallon bangon wani gidan, talabijin ɗin jikoki na ihu ta bayan ƙofa. Daga can zuwa gareji mota biyu ake hawa, gwiwarsa kuwa ko matakalar bas ɗaya ba ta ɗauka. In makulli ya tafi, gareji ya rufe ke nan, sai zaman jiran abinci.

"Ba idona ba ne, ba hannuna ba ne," ya ce. "Motar ce ke ja."

"Motarka? Kai?"

Ta karɓi makullin, ta shiga, ta zagaya layin ita kaɗai. Da ta dawo fuskarta ta fi ɗazu ɓaci.

"Tana ja kam. Har da tayar da ta yi sanƙo na gani, wannan ba cin yau ba ne. Wato ka san tana ja, ka bar ta? Haba Baba! Wannan ai ya fi ciwon ido muni. Yau tebur ne, gobe fa? In ɗan wani ne?"

Ya san gaskiya ta faɗa.

"Asabar zan dawo," ta ce, ta ajiye makullin a cinyarsa. "In na tuƙa na ji ta miƙe, shi ke nan, ka ci gaba da harkarka. In tana ja, da makullin zan tafi, da kai kuma. Na rasa Mama, ba zan zauna ina jiran waya daga titi ba."

Washegari ya tura motar kan daɓe, ya kafa ƙarafa, ya ja zare. Ya jawo buhun yashi daga lungun da yake tun rasuwar, ya kakkaɓe shi, ya ɗora a kujerar direba da ƙyar. Abin da kwata ta ɓata bai ba shi wuya ba. Bakin tayar ya ɗan kauce, ya kwance noti ya juya sandar da ke tura ta, ya auna gaban rim, wato ƙarfen da taya ke kai, da bayansa har suka yi daidai da zare. Mai faci ya sa masa wata tayar. Saura jingina. Ya rataya dalma a gefen dama, ya ɗora rula sama da ƙasa, ya ga abin da ya riga ya sani. Ya kwanta a tabarmar roba, ya haska tocila a bayan hannun ƙarfen. Ga su nan, washa uku a jere, sun yi baƙi da maiƙo. Ya ɗora sifana a kan noti. Ya daɗe a haka, hannunsa a sama har ya yi sanyi, sannan ya fito ya zauna a benci.

Da rana ta yi sai dabara ta zo masa, ya ma yi mamakin yadda bai tuna ba tuntuni. In nauyi motar ke nema, a ba ta nauyi mana. Ya ja buhun daga kujerar direba ya tura shi kujerar Giwa, ya shiga ya tayar. A dogon titin bayan masana'antu motar ta kusan miƙewa, don buhun bai kai Giwa ba, amma jan ya ragu har ba a ji sosai. Ransa ya yi fari. Bai san sanda ya fara magana ba. Ya ba buhun labarin mai faci da shegen bakinsa, da mai lemo, da yadda Auta ta ɗaga masa yatsu kamar yaron firamare. Ya yi shiru inda ya kamata a ce, "Ai maganinka ke nan." Ba a ce ba.

A fitilar hanya wani mai a-kori-kura ya tsaya a gefensa, ya leƙo ya ga buhu zaune a gaba kamar mutum.

"Baba, gini ake yi ne?"

"E," in ji Mai Zare. "Gini."

Fitila ta ba da hannu, na baya suka hau hon, shi kuwa ya kasa sa giya. Sai a lokacin ya tuna wane ne a gefensa. Wannan ba Giwa ba ce. Ɗan'uwansa ne, nauyinsa ne shi kansa da ya auna ya ɗinke a buhu. Shi ne a dama, shi ne a hagu, yana yawo da kansa a gari yana ba kansa labari. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan tsayuwar ba, ko ranar da aka fita da gawar Giwa. Ya lallaɓa ya koma gareji, ya mayar da buhun kujerar direba, bai sake fitar da motar ba. Sauran kwanakin mai faci ne ke sauke shi gida a babur.

Ran Asabar da hantsi Auta ta tarar da motar a tsakanin zare biyu, buhu a mazaunin direba, uban a benci da sifana a cinya. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane.

"Ba ka gyara ba."

"Zo ki ga wani abu."

"Baba, ni ba gani na zo yi ba."

"Zo dai, Auta. In kin gani sai ki ɗauki makullin, ga shi can a ƙusa."

Ta tattare zanenta ta durƙusa a gefensa. Ya haska tocila, ya nuna mata da bakin sifana.

"Kin ga waɗannan 'yan ƙarafan uku? Na cikin nan, shekarar da na auro ta na sa shi, lokacin iska ma tana iya ɗaukarta. Na tsakiya, bayan an haife ki. Na ukun nan ba haihuwa ba komai, na tambaye ta dalili ta ce daɗin zama ne." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba. "Kayanta kin rabar, kin kyauta. Katifa kin sauya, ita ma kin kyauta. Na duba gidan nan kaf, ba inda ya san ta taɓa zama. Motar nan kaɗai ce ba a gaya wa ba. Kullum na tayar da ita sai ta ja ni wajen uwarki. In na zare waɗannan, ita ma ta sani ke nan."

Auta ta zauna daɓas a kan simintin, rigarta a cikin maiƙo, ta rufe baki da hannu. Ta yi kuka mai isarta, shi kuma ya kashe tocila ya bar ta, don bai iya rarrashi ba, Giwa ce mai wannan aikin.

Da ta share fuska sai ta miƙe, ta zagaya, ta buɗe ƙofar dama ta shiga ta zauna a kujerar uwar.

"To auna da ni."

Ya rataya dalma don kada ya gwale ta. Zaren ya ɗan motsa kaɗan, ya tsaya.

"Ke ko rabin Giwa ba ki kai ba. Mijin naki ba ya ba ki abinci ne?"

"Zan riƙa zuwa, Baba. Duk Asabar sai mu fita tare, in zauna a nan."

"Allah ya yi miki albarka. Ki zo, ina so. Amma ba a saita mota da mai zuwa ran Asabar. Da na kullum ake saitawa." Ya naɗe zaren dalmar a yatsa. "Na kori mutane daga garejin nan a kan wannan maganar, ba zan karya ta a kaina ba."

Ta fito. Ta tsaya tana kallon buhun ta gilashi, sannan ta buɗe ƙofar direba, ta kama kunnuwansa biyu ta ja shi ƙasa, ya faɗi tim.

"Wannan ya huta," ta ce. "Shiga da kanka. Ni zan karanta rula."

"Kin iya?"

"Wa ya riƙe maka bakin zare duk hutun makaranta? Sama da ƙasa, gaba da baya. Shiga."

Ya shiga. Tun da ya sayi motar bai taɓa zama a cikinta tana tsakanin zare ba, kullum yana ƙasa. Daga nan sama abin daban ne. Ashe mai zama ba ya ganin komai sai bangon kwano da kalandar kamfanin taya, ashe shi ya sa Giwa ke hira da buhu. Auta ta zagaya motar, hannu a baya, tana kwaikwayon tafiyarsa har da ɗingishin gwiwa, don ta ga ya yi murmushi. Ta duƙa ta shafa taya, ta miƙe, ta ƙanƙance ido, ta sa muryarsa.

"To, mai mota. Wa ke zama a gefenka?"

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Ta dafe baki.

"Baba, yi haƙuri, wallahi wasa..."

Ya ɗaga mata hannu. Ya juya ya dubi kujerar, fatar ta lotsa a tsakiya, ta yi sheƙi a inda gwiwar hannu ke gogar ƙofa. Ya yi wa ɗaruruwan mutane tambayar nan yana jin haushin masu jan rai kafin su amsa. Yau ya san abin da ke riƙe harshe.

"Ba kowa," ya ce. "A saita ta haka."

Sauran aiki ne kawai. Ya fito ya ɗaga motar a jak, ya kwanta, ya kwance notuna biyu. Washar waje ta fito da sauƙi, ta tsakiya ma haka. Ta cikin ce ta manne da tsatsa, sai da ya sa bakin sukudireba ya lallaɓa ta. Ya ɗaure, ya sauke motar, ya tura ta gaba da baya don ƙafafun su zauna, ya shiga mazauninsa. Auta ta karanta masa sama da ƙasa, ya ce ta sake, ta sake. Ya fito ya taɓa sandar bakin taya kaɗan, ya koma ya zauna, ta karanta gaba da baya. Ba wanda ya ce masa numfashi fa, in yi ko in bari.

"Daidai," in ji Auta daga ƙasa. "Dama da hagu duk ɗaya."

Ya goge washa ukun da tsumma har ƙarfensu ya fito. A tafin hannu ba su fi murfin kwalba nauyi ba. Ya zuba su a aljihun gaban rigarsa ya maɓalle.

Auta ta ɗauko makullin daga ƙusa. Ita ta ce za ta gwada, amma sai ta miƙa masa.

"Je ka kai kaɗai. In na shiga awon ya ɓaci."

Ya fita da baya a hankali, mai faci ya ɗaga masa hannu daga rumfarsa, yau ba tsokana. A farkon dogon titin motar ta riƙa karkata hagu, har ya ce ko an yi kuskure. Sai ya gane ba motar ba ce. Hannunsa ne, ya saba tare ja, yana ta turawa alhali ba mai turo shi. Ya sassauta kafaɗa, ya gyara zama. Titi ba kowa, rana ta take, layin fenti ya miƙe har inda ido ya tsaya. Ya buɗe yatsunsa, ya ɗage hannuwa biyu daga sitiyari.

Ta tafi ɗoɗar. Ba dama, ba hagu. Aiki ya yi kyau, bai jin ya taɓa saita wata mota ta miƙe haka, kuma makulli ya zama nasa. Ya wuce masana'antar farko hannunsa a sama, ya wuce ta biyu, gwiwar hannunsa ta dama a ɗan buɗe, yadda rigar za ta yi sauƙin kamawa. Har ya kai inda kwalta ta ƙare yana jira.

Ba wanda ya ja.